DARASIN RUBUTUN HANNU: Harafin O, Ɗan'uwan Ambaki



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya hore mana hannu da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai maza da mata, a fitowar da ta gabata mun yi ta fama da haruffan nan masu miƙaƙƙun ƙafafu, wato su E da F da H da L da T, waɗanda rula ce take yi muku rabin aikinsu. Yau kuwa mun iso kan wanda rula ba ta iya masa. O ba shi da ƙafa, ba shi da kusurwa, ba a ganin inda ya faro balle inda ya ƙare. Yaro yakan raina shi ya ce ai zagaye ne kawai, ko ɗan yaye ma ya iya. To duk ranar da aka aike ku Gaya, ku riƙa duban allunan shaguna da bangon makarantu tun daga tashar Ajingi. Za ku ga babu harafin da yake tona asirin mai rubutu kamarsa. Wani ya kishingiɗa kamar ƙwai a akurki, wani ya yi ƙulu-ƙulu kamar dankali, wani kuma cikinsa ya tsuke kamar kafar allura.

Ga wanda bai sami fitowar baya ba, abin da muke koyo shi ne manyan haruffan boko masu jiki, irin waɗanda ake rubutawa a allon makaranta, da kyallen Maulidi, da jikin buhu. Harafi mai jiki layi biyu gare shi, na waje da na ciki, sa'an nan a cike tsakaninsu da tawada ko fenti.

ME YA SA HARAFI ƊAYA ZAI CINYE FITOWA GUDA?

Ku juya zuwa shafukan ajami na wannan mujalla ku nemi kalmar nan: دُوكَا. Me aka rubuta? Wani zai ce doka, wani zai ce duka, kuma kowa yana da gaskiya har sai an karanta abin da yake gabanta da bayanta. Haka kora da kura. Dalili shi ne Larabci wasali uku gare shi, fataha da kisira da rufu'a, Hausa kuwa biyar. Magabatanmu sun sama wa E mafita da ɗigon nan na imala da suka saba da shi a ƙira'ar Warshu, amma O da U sai suka zauna ɗaki ɗaya, rufu'a ce take ɗaukarsu su biyun. Wasu marubuta sukan ƙara alama don bambantawa, sai dai ba a haɗu a kan hanya ɗaya ba. Wannan ba aibi ba ne ga wanda Hausa take bakinsa, domin zance da kansa yake nuna masa hanya.

Shi boko, wanda aka koyar da shi a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano tun 1909, ya ba kowanne ɗakinsa. To amma bambancin O da U a takarda ɗan rufin nan ne na sama kawai. In mai rubutu ya bar kan O a buɗe, ya mai da mu inda muka fito, kuma a wannan karon babu uzuri. A rubuta KIYAYE DOKA a ƙofar makaranta, fenti ya gaza haɗuwa a sama, sai baƙo ya karanta KIYAYE DUKA ya ɗauka bulala muke talla.

Kalmomin Hausa da suke farawa da O ba su da yawa, su oho ne da 'yan aro irin su ofis da oda da Oktoba. Aikinsa babba a ƙarshen kalma yake. Ku lura: fita da fito, shiga da shigo, aika da aiko, kai da kawo. O ɗin nan shi yake juyo da aiki wajen mai magana. Yayanka da yake ci-rani a Legas in ya rubuto "a aiko", kuɗi ko kaya wajensa za su. In ya rubuto "a aika", wani wuri ne daban. A ƙananan haruffa kuwa o da a ɗan jela ne ya raba su, shi ya sa nake matsa muku kada ku bar biro ya zarce bayan kun rufe zagaye.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan ciwo, wato sunaye. Sunayenmu na Larabci ba O a asalinsu, amma Turawa da ma'aikatan ofis sun daɗe suna rubuta Mohammed a wurin Muhammad, Omar a wurin Umar. Yaro yana cika takardar jarrabawa da manyan haruffa, U ɗinsa ta rufe baki ta zama O, ko O ɗinsa ya buɗe ya zama U, mai shigarwa a kwamfuta ya buga abin da idonsa ya gani. Shi ke nan takardar firamare da suna ɗaya, ta sakandare da wani. Tun daga 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, kuma in sunaye suka saɓa, uba ne zai sayar da awaki ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano neman gyara. Ku zauna da iyayenku ku tsai da yadda ake rubuta sunanku, hanya ɗaya, kada a sake ta.

DAGA INA YA FITO?

Wannan ɓangaren na ɗaliban manyan azuzuwa ne, amma ƙanana ma ku saurara, akwai daɗi.

Kimanin shekara 1000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akwai wasu mutane 'yan kasuwar teku a gaɓar ƙasar Sham, inda Lubnan take a yau, ana kiransu Finiƙiyawa. Suna da haruffa 22, dukkansu baƙaƙe, babu wasali ko ɗaya. Harshensu ɗan'uwan Larabci ne. A cikin haruffan akwai wani da suke zana shi zagaye, sunansa ainu, ma'anarsa ido, kamar dai yadda ainu take nufin ido a Larabci har gobe. Hoton ido ne aka taƙaita. Da Yunanawa suka ari haruffan, kamar ƙarni na 8 kafin Miladiyya, sai suka tarar maƙogwaronsu ba ya fitar da ainu, ba ta cikin harshensu. Maimakon su yar da zagayen sai suka ba shi aikin wasali, ya zama O. Daga gare su ya gangara har ya isa ga Rumawa, daga Rumawa ya isa ga Ingilishi, Ingilishi ya kawo shi Nassarawa.

Ta ɗaya hanyar kuma, wannan harafi ya bi ta hannun Aramiyawa da Nabaɗiyawa, kansa ya buɗe, har ya zama ع da kuka sani, wanda a makarantar allo muke kira ambaki. Ashe O da ambaki kakansu ɗaya. Ɗaya ya buɗe baki, ɗaya ya rufe.

In kuna son shaida, ku karanto abajada irin ta mutanen Gabas ku jera ta kusa da ABCD. Kalaman, wato kaf, lam, mim, nun: ga K, L, M, N a jere. Ku tsallake sin, sai ainu da fa: ga O da P. Ku tsallake sadi, sai ƙarashat, wato ƙaf, ra, shin, ta: ga Q, R, S, T. A hisabi kuma ainu 70 ce, a lissafin Gabas da na Magrib duka, kuma O ɗin Yunanawa shi ma 70 yake tsayawa in suna ƙirga da haruffa. Saboda haka in wani ya ce muku wannan harafi baƙo ne da bai san gidanmu ba, ku gaya masa ɗan'uwa ne da ya daɗe a tafiya.

Su ma malaman haɗɗi na Musulunci a kan zagaye suka gina ma'auninsu. Ibnu Muƙla, wazirin halifofin Abbasiyawa a Bagadaza, wanda ya rasu a 328 Hijira, daidai da 940 Miladiyya, shi ake jingina wa tsarin auna haruffa da abu uku: ɗigon bakin alƙalami, da tsawon alif, da da'irar da alif ya ratsa tsakiyarta daga sama zuwa ƙasa. Ra rubu'in wannan da'ira ce, nun rabinta. Rubutunmu na allo da ya biyo hanyar Magrib yana da nasa salon, amma darasin ɗaya ne: wanda hannunsa ya iya zagaye ya kama kan sauran haruffa. A boko ma haka ne, C da G da Q da D duk daga jikin O ake yanko su.

ZAGAYE NAWA NE A JAKARKU?

Ɗan Islamiyya ya fi kowane yaro haɗuwa da zagaye masu kama da juna. Da safe a firamare akwai O akwai sifiri. Da yamma a nan akwai ha kuri, akwai ɗauri a kan baƙi, akwai kuma lambar biyar ta Larabci, ٥, wadda take zagaye, alhali sifirinsu ɗigo ne kawai. Hamsin a lambar aya haka take: ٥٠. Na sha ganin yaro ya buɗe shafi ya ga biyar ya ce sifiri. Ita kalmar sifiri ma Larabci ce, ma'anarta wofi, kuma daga gare ta Turawa suka samo sunan da suke kiran wannan lamba.

Masu karatun tajwidi da mus'hafin bugun Madina na riwayar Hafsu, ku tuna da alamomi biyu da malaminku ya nuna muku. Akwai ɗan sifiri kewayayye a kan alif ko wau ko ya, mai nuna ba a furta harafin ko an tsaya ko an zarce. Akwai kuma ɗan sifiri dogo a tsaye, kamar na kan alifin ƙarshen kalmar "ana", mai nuna ana furta shi in an tsaya, ana sarayar da shi in an zarce. Bambancinsu faɗi ne kawai, amma hukuncinsu daban. To haka O da sifirin boko suke. O mai faɗi ne, ya kusa cika zagaye. Sifiri siriri ne, kamar an matse shi ta haƙarƙari. In lambar jarrabawa ko ta wata takarda ta haɗa haruffa da alƙaluma, wasu sukan ratsa sifiri da ɗan layi a karkace don kada a rikita. Idon da ya iya raba waɗancan biyun a mus'hafi, wannan ba zai gagare shi ba.

YANZU SAI A ƊAUKO FENSIR

Kayan aiki: littafin lissafi mai gida-gida, fensir mai tsini, rula, kilina. Kada a fara da biro.

Kafin komai ku san siffar da muke nema. O mai jiki gammo ne. In cikinsa ya yi ƙanƙanta ya zama kwabo mai huji irin wanda kakanninku suka kashe kafin zuwan naira a 1973, daga nesa sai a ga dunƙule baƙi. In jikinsa ya yi siriri ya zama awarwaro, ba zai zauna da H da T masu kauri da muka yi a baya ba. Gammo dai, wanda zai ɗauki tulu.

Zana akwati mai tsawon gida 10, faɗin gida 8, da hannu sako-sako yadda zai gogu. A cikinsa zana wani akwatin, ka bar gida 2 ta kowane gefe. Zai ba ka tsawon gida 6, faɗin gida 4. Tsakanin akwatunan nan biyu nan ne jikin harafi.

Hanya ta farko ta 'yan aji ɗaya da biyu ce, kuma ita ake gani a bayan rigunan 'yan ƙwallo. A kowace kusurwa ta babban akwati, ƙirga gida 2 ta nan, gida 2 ta can, ka haɗa su da layi a karkace, ka goge kusurwar. A ƙaramin akwati ka yi haka nan amma da gida 1. Ka sami O mai gefe takwas. Ba shi da kyan gani sosai, amma ba ya kunyata mai shi, kuma ana karanta shi daga nesa.

Hanya ta biyu ita ce ta gaske. Sa ɗigo a tsakiyar kowane gefe na babban akwati: sama, ƙasa, dama, hagu. A waɗannan wurare huɗu kaɗai O zai taɓa akwatinsa. Sa'an nan a kowace kusurwa, shigo ciki gida ɗaya da ɗan ɗoriya daga gefe, gida ɗaya da rabi daga sama ko ƙasa, ka sa wani ɗigon. Ɗigo 8 ke nan. Yanzu sai haɗawa, kuma a nan ne yara suke ɓata aiki, domin suna son su zagaye shi da numfashi ɗaya. A'a. Rabi-rabi ake yi. Fara daga ɗigon sama ka gangaro ta hagu zuwa na ƙasa. Ɗaga hannu. Koma sama ka gangaro ta dama. Hannu ya fi iya jawowa zuwa jiki a kan turawa, ku tambayi duk mai sassaƙa ko mai fafe ƙwarya. In wani ɓangare ya ƙi, juya littafin yadda lanƙwasar za ta bi hannunka, ba laifi ba ne.

Wata 'yar magana a gefe. Na lura a aji cewa yaran da suka fara da allo sukan juya zagaye ta dama, yadda hannun agogo yake tafiya, saboda haka kan wau da fa da ƙaf suke naɗuwa. Malaman firamare kuma suna koyar da ƙaramin o ta hagu, yadda mai ɗawafi yake kewayawa. A rubutun yau da kullum ku bi na malaman firamare, domin shi zai sauƙaƙa muku a da d da g. A harafi mai jiki kuwa ba gardama, tunda rabi biyu ne kuma duka daga sama suke.

Kada ka danne fensir. Yi layi uku ko huɗu marasa nauyi a kan juna, sa'an nan ka zaɓi wanda ya fi daidai ka ƙarfafa shi, ka goge sauran. Motsin daga gwiwar hannu zai fito, yatsu riƙo kawai za su yi.

Zagayen ciki haka ake yinsa a ƙaramin akwati, da ɗigo huɗu na tsakiya, da na kusurwa kamar rabin gida daga gefe, kusan gida ɗaya daga sama. Ni a wurina na ciki ya fi na waje muhimmanci. Mai karatu bai sani ba, amma farin nan na tsakiya shi idonsa yake fara kamawa. O da wajensa ya ɗan karkace cikinsa ya yi sumul zai wuce. Wanda cikinsa ya gurɓace ko an yi masa ado ba zai gyaru ba.

Saura abu biyu da ido yake yaudarar mutum a kansu, su ne suka raba mai koyo da gwani.

Na farko: in kaurin sama da ƙasa ya yi daidai da na gefe cif-cif a rula, ido zai ga na sama da na ƙasa sun fi kauri. Haka Allah Ya yi idon ɗan'adam, layin da yake kwance yakan fi na tsaye cika ido. Don haka sai ka ƙara wa zagayen ciki tsawo kaɗan, kamar rubu'in gida sama, rubu'in gida ƙasa.

Na biyu ya fi ban mamaki. Rubuta H da O a jere, tsawonsu ɗaya a rula, ka jingina littafin a bango ka ja da baya. Za ka rantse O ya fi gajarta. Dalili, H yana dafa layin sama da na ƙasa da faɗin ƙafafunsa, O kuwa da ɗan tsinin lanƙwasa kawai yake taɓawa. Maganinsa a bar O ya ɗan ƙetare layi sama da ƙasa. A littafi kaurin layin fensir biyu ya isa. A harafi mai tsawon rula guda, wato santimita 30, kamar rabin santimita. Ku ɗauki kowane littafi bugun inji ku aza rula a ƙarƙashin babban take, za ku ga O ya leƙo ƙasa da 'yan'uwansa. Da gangan aka yi.

In ka gama, gwaji uku. Juya littafin kai ƙasa: O na kirki ba ya sanin an juya shi. Ɗaga takardar ka dube ta ta baya a hasken rana, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito fili. Sa'an nan ka ba ƙaninka ya riƙe ka yi taku goma.

Kamfas fa? Da murfin kwalba da gindin gwangwanin madara? Ban hana ba, masu zayyanar allon sauka ma da kamfas suke fitar da da'irorinsu. Sai dai cikakken zagaye yana cin wuri, kuma in sauran haruffanka tsukakku ne zai zauna a cikinsu kamar faifai a tsakanin muciya. Ka fara iyawa da hannu tukuna.

IN AIKIN NA BANGO NE KO KYALLE

Lokacin saukar Alƙur'ani ko Maulidi akan nemi manyan ɗalibai su rubuta kyalle, kuma a nan littafi mai gida-gida ba zai yi amfani ba. Ga dabarar magina da kafintoci. Ana bukatar ƙusa biyu, da zare mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, da alli ko gawayi.

A ce O ɗin tsawonsa santimita 50 ne, faɗinsa 40. Shimfiɗa kyallen a kan katako ko daɓe. Ja layi a tsaye mai tsawon 50, ka ratsa tsakiyarsa da layi a kwance mai tsawon 40. Daga mahaɗarsu auna 15 sama ka kafa ƙusa, auna 15 ƙasa ka kafa ɗayar. Ɗaure bakin zare a ƙusa ɗaya, ɗaya bakin a ɗayar, yadda zaren da yake tsakaninsu zai zama 50 daidai, wato tsawon harafin. Sa alli a cikin zaren ka ja shi ya yi tauri, ka zagaya gefen dama, ka dawo ka zagaya na hagu. Zagayen waje ya fito.

Kada ka cire ƙusoshin. Rage zaren ya koma 40, ka sake zagayawa. Ga na ciki. In ka auna za ka tarar kaurin sama da ƙasa 5 ne, na gefe kusan 7, wato zaren da kansa ya yi maka ragin nan da muka yi magana. Ga wanda girman harafinsa ya bambanta da wannan, ba sai ya yi dogon lissafi ba: ya ɗauki rabin tsawon harafin a rula, ya aza bakinta a ƙarshen layin kwance, ya karkata ta har ɗaya bakin ya taɓa layin tsaye. Inda ya taɓa nan ne gurbin ƙusa, sama da ƙasa.

Wajen fenti, fara bin gefen ciki da bakin buroshi, sa'an nan gefen waje, sa'an nan ka cike. Kada ka ɗebo da yawa. A bango, gindin O nan ne fenti yake taruwa ya zubo da hawaye, don haka ka bi wurin da buroshi mai ɗan bushewa.

Masu sa wa buhunan gero da gyaɗa alama kafin a kai su Dawanau sukan huda kwali su shafa fenti a kai. Duk wanda ya yanke O a kwali ya zagaye gaba ɗaya, tsakiyar za ta faɗo ƙasa ya tashi da rami. Sai an bar 'yan gadoji biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, masu riƙe da tsakiyar. Bayan an ɗaga kwalin sai a cike gurbinsu da ɗan buroshi, musamman na saman, kada mu koma gidan jiya na DOKA da DUKA. Hanya mafi sauƙi ta samun kwalin da ya daidaita kuwa ita ce a ninka takarda gida huɗu, a zana rubu'in O a yanke da almakashi, a buɗe a kwafa.

ZAMA DA MAƘWABTA

Tazarar haruffa ba da rula ake auna ta ba. Ku ɗauka ana zuba gero a tsakanin kowane harafi da na kusa da shi, ana so kowane gurbi ya ci awo ɗaya. O yana da rami a kafaɗunsa da ƙugunsa, gero zai shige nan, saboda haka dole ya matso kusa da maƙwabcinsa fiye da yadda H da N za su matsu. A kalmar KANO, tsakanin N da O ya fi tsukewa a kan yadda za a bar tsakanin N da wani mai miƙaƙƙiyar ƙafa. Kalma ce mai kyau ta gwaji, ga ta kuma ta gida, tunda masu tarihi suna kawo labarin maƙerin nan mai suna Kano da ya taso daga Gaya ya sauka gindin Dala neman tama.

In O biyu ne a kalma, kamar GORO ko ZOMO, to tagwaye ne, ido zai gwada su da juna nan take. Zana akwatunansu duka kafin ka fara lanƙwasa ko ɗaya.

GA IYAYENMU

Iyaye maza da mata, Allah Ya saka muku da alheri. In kun ga yaro ya cika shafi da zagaye kada ku ce ɓarnar takarda yake yi, aikin da aka ba shi ne. In littafi ya yi wuya, tsakar gida da tsinke sun isa, ko gawayi da bayan tsohon kwali. 'Yan mata masu saƙar faifai da masu zanen lalle, da samari masu ɗinkin hula, na ga hannunsu ya riga na sauran faɗawa, a bar su su koya wa ƙannensu. Roƙona ɗaya: kada a yi gwaji da sunan Allah ko na Manzonsa ko wata aya a ƙasa ko a takardar da za a yar. Kalmomin gwaji ga su nan a ƙasa, ba abin da zai same mu in akuya ta taka su.

AIKIN GIDA

'Yan aji ɗaya da biyu: O mai gefe takwas guda goma, a cike biyar da fensir a bar biyar fari.

'Yan aji uku da huɗu: O mai lanƙwasa guda goma, sa'an nan layi ɗaya da aka jera O da sifiri bi da bi, yadda wanda bai san abin da kuka nufa ba zai iya nuna kowanne. A ƙarƙashinsa ku rubuta 50 da 505 da lambobin Larabci.

'Yan aji biyar da shida: ku rubuta GERO, ROGO, ƘOƘO da TORANKE da haruffa masu jiki, kowace kalma da ajaminta a ƙarƙashi. Ku nemo kuma wasu kalmomi biyu, ban da doka da kora, waɗanda ajaminsu yake karantuwa da O ko da U. Mutum uku-uku su haɗu su gwada dabarar ƙusa da zare a filin makaranta, su auno kaurin gefe da na sama su rubuto abin da suka samu.

A kawo ranar Asabar kafin darasin Fiƙihu. Kowa ya adana O ɗinsa mafi kyau, domin a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, shi za mu yanka mu fitar da C da G, mu sa masa jela ya zama Q.

Wassalamu alaikum.